Ashe jan haƙorana ba dauɗa ba ce

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni a Tawa na girma, a nan na yi aure, a nan nake ɗinkina, amma haihuwata can wani ƙauye ne na ƙasar Gobir wajen Maradi. Labarin haƙorana nake so in ba ku don na san akwai mata da ƴan mata da yawa har ma da maza da ke cikin halin da na daɗe ciki, ga kuma uwaye da ke wahal da ɗiyansu da niyyar gyara ba su sani ba.

Tunda na yi famfara haƙoran da suka fito mini ba su fito farare ba. Na gaba guda biyu na sama akwai wani ja mai duhu ruwan ƙasa da ya ratsa su a kwance, sauran kuma ɗigo ɗigon fari marar sheƙi da ƴan ramuka ƙanana. A ƙauye ba wanda ya taɓa ce mini komi don duk sa'o'ina haka nasu suke, wasu ma sun fi nawa, kuma tsofaffinmu mata da gangan suke jaye haƙora, su goga fure su bi da goro baki ya yi jawur, a wurinsu ado ne. To wa zai kalli na yarinya ya ce cuta ce.

Da Allah ya yi wa babanmu rasuwa sai gwaggona ta ɗauko ni ta kawo Tawa ta sa ni lekol, lokacin ina wajen shekara tara. Nan na san ina da wani abu a baki. Yara suka sa mini suna mai cin goro, wasu su ce tsohuwa, ni kuwa wallahi ko ɗanɗana goro ban taɓa yi ba lokacin. Ran Litinin da safe mushe, wato malaminmu, yana duba farce da haƙora a layi, ya zo kaina ya ce in buɗe, ya kalla ya ce a gaban kowa, je ki ce wa uwarki ta saya miki buros. Ban ce komi ba, na koma gida ina kuka na faɗa wa gwaggo.

Gwaggo Allah ya jiƙanta, abin ya yi mata zafi fiye da ni, don gani take za a ce ta ɗauko marainiya ta bar ta da ƙazanta. Ta sayi buros da man goge baki, aka yi ta yi ba canji. Sai ta koma ga abin da ta sani. Duk Juma'a da hantsi ta daka gawayi ta tankaɗe ta haɗa da gishiri, wani lokaci toka, ta naɗe tsumma a yatsa ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta kama haɓata ta ce buɗe baki ɗiyata yau sai mun ga bayansa, ta yi ta gurza har hannunta ya gaji, in tofar da baƙin yawu da jini jini a ciki, ta ba ni ruwa in kurkure ta juya ni wajen rana ta duba, sai in ga fuskarta ta sauka. Ta ce to wani sati. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba ko kaɗan, so ne ya sa ta, kuma duk unguwa shawarar da ake ba ta ke nan, wata ma ta ce a gwada da rairayi mai laushi.

Haka na tashi da hannu a baki. In zan yi dariya hannu, in zan gaida baƙo in sunkuyar da kai, a aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu don kar a juyo a kalle ni. Hotunana na ƴanmatanci duk baki a rufe. Mutane na cewa wance akwai kunya, ni kaɗai na san ba kunya ba ce duka.

Abin da ya fi yi mini illa lokacin aurena ya faru. An kawo mai gyaran amarya, ta yi dilka ta yi lalle komi lafiya, sai ta kalli bakina ta ce wannan ai ƙaramin aiki ne tana da magani daga waje. Ta fiddo wata ƴar kwalba ba rubutu ba suna, ta naɗa auduga a tsinken ashana ta tsoma ta shafa mini. Nan take na ji wani irin zafi na ratsa kaina, inda ruwan ya taɓa dasashi wurin ya yi fari ya ƙone, daga baya ya saɓule. Haƙoran kuma gaskiya sun yi haske ranar, ƙawaye na ta guɗa. Ba a rufa sati ba launin ya dawo har ya fi da duhu, saman haƙoran ya yi kaushi in na taɓa da harshe, kuma daga ranar ruwan sanyi ya zama abokin gabata. Ku da kuka san zafin Tawa watan Afrilu da Mayu, a ce mutum ba ya iya shan ruwan randa balle na firigo sai ya ajiye ya huce, in iskar hunturu ta buga kuma ko magana a waje sai na ji tsami har ƙwaƙwalwa. Duk da haka ƙawaye ba su daina kawo shawara ba, lemun tsami da bikarbonat, bawon ayaba, kanwa, kowa da nata.

Maigidana direba ne, albasa yake ɗauka daga wajen Galmi ya yi kudu da ita. Kun san direbobi, goro a baki don barci, neskafe a tasha, in ya dawo gida kuma fada, shayi na ɗaya na biyu na ukku da sikari kamar ba gobe. Nasa haƙoran ma sun yi ja amma daban da nawa, nasa daga gindi ne wajen dasashi da tsakankani da ta ciki, kuma in yana asuwaki jini na fita. Allah ya saka masa da alheri bai taɓa yi mini maganar bakina ba ko da wasa.

Wata shekara mun tafi Yamai suna gidan wansa a unguwar Bukoki, ina goyon ɗiyata ta biyu, sai ciwon haƙori ya tashi masa cikin dare har kunci ya kumbura. Da safe wansa ya kai mu wani kilinik wajen likitar haƙori, mace ce. Ta yi maganin mai ciwon, ta ba shi randebu ya dawo a yi masa detartraj, wato wankin haƙori da inji. Ranar na bi shi. Ina zaune ina kallo ta sa wani ƙarfe siriri mai ƙara yana fesa ruwa tana bi haƙori ɗaya ɗaya, wasu ɓarɓashi masu tauri ja da baƙi na ɓallowa, ta gama ta bi da wani ɗan buros mai juyawa da magani ta goge. Da ya tashi ta miƙa masa madubi, ni da shi duk muka yi shiru, zama ɗaya jan nan na shekaru ya tafi. Ba wai sun yi fari ƙal ba, sun dai koma launinsu na asali.

Zuciyata ta yi ta bugawa. Na ja mayafi na rufe baki na ce dokotoro ni ma ko za a yi mini irin nasa. Ta ce zo ki zauna madam in gani. Ta haska fitila ta duba ta daɗe, abin mamaki ba ta tambaye ni ko ina goge baki ba, cewa ta yi a ina aka haife ki, wane ruwa kuka sha kuna yara, sa'o'inki na garin haka nasu suke? Na ce duka. Ta ajiye ƙarfen ta ce madam wannan ba dauɗa ba ce, ko shekara ɗari za ki yi kina gogewa ba zai fita ba don a cikin haƙorin yake, da shi ya fito. Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, gwaggo kawai na tuna.

Ta ba ni lokaci ta yi mini bayani da Hausa tsaf, kuma shi ne abin da nake so kowa ya ji. Ta ce canjin launin haƙori iri biyu ne. Akwai na sama wanda ke manne a bayan haƙori, shi ne na shayi da kofi da goro da bisap da sigari da taba gari, yana kama dattin da ya taru ya daskare ya zama tartar, wannan buros ba ya cire shi in ya yi tauri amma inji na cirewa, irin na maigidana ke nan. Akwai kuma na ciki, wanda ke shiga tun haƙori na ginuwa a cikin dasashi kafin ya fito, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8. Nawa sunansa fuluworoz, ruwan da muka sha ne ke da sinadarin fuluwor fiye da kima. Ta ce kaɗan ɗinsa na kare haƙori daga ruɓewa shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa iyaka a ruwan sha, miligiram 1.5 a lita ɗaya, in ya wuce haka yaro na sha kullum sai haƙora su fito da tabo, in ya yi yawa ƙwarai har ƙashi yake taɓawa. Nan na tuna labarin yaran garin Tibiri kusa da Maradi da aka yi ta yi farkon shekarun 2000, ɗaruruwan yara ƙafafu sun lanƙwashe haƙora sun yi ja saboda ruwan pampo, ina jin labarin a rediyo lokacin ban taɓa kawo wa raina cewa ƙanen abin ne ke bakina ba.

Ta ce akwai wasu na ciki kuma. Kafson nan tetrasikilin da masu tallar magani ke yawo da shi a tire, in mai ciki ta sha ko aka ba yaro ƙasa da shekara 8 yana iya sa haƙoran yaron su fito toka toka ko ruwan ƙasa har abada. Haƙorin da aka buge ya mutu shi ma yana yin duhu shi kaɗai. Tsufa ma na sa su yi rawaya. Duk waɗannan gurza ba ta yi musu komi.

Sai ta zo kan abin da aka yi mini. Ta ce saman haƙori akwai wani rufi mai tauri, shi ne ya fi komi tauri a jikin mutum, amma kamar fentin kwanon langa yake, in ya goge ya goge ke nan jiki ba ya sake yin wani. Ƙarƙashinsa kuma abin da ke nan rawaya ne kuma yana da ƴan hanyoyi zuwa jijiya. To gawayi da toka da gishiri kankare rufin suke, lemun tsami da ruwan kwalbar nan kuma asid ne narkar da shi suke, shi ya sa ranar farko ake ganin haske daga baya rawayar ciki ta bayyana, wurin ya yi kaushi ya fi kama launin shayi, sanyi kuma ya samu hanya. Mai gyaran amaryar nan ban san ko ta san abin da ke cikin kwalbarta ba, amma har yau in na tuna amare nawa ta shafa wa raina na ɓaci.

Na ce to yanzu mi ya rage. Ta ce da farko ba ta taɓa ni da maganin farantawa ina shayarwa, haka mai ciki, sai na yaye. Kafin nan a toshe ramukan da suka fara ruɓewa, in koma buros mai laushi da man masu jin tsami, in daina duk wani gurje gurje. Wannan kaɗai cikin ƴan watanni na fara shan ruwan randa, ni a wurina ko a nan aka tsaya an yi mini babban abu.

Bayan yaye na koma Yamai. Ta jera mini hanyoyin ba ta ɓoye komi ba. Akwai wanda ake yi a kujera da magani mai ƙarfi, yana da sauri amma ya fi sa tsami, ta ce da irin haƙorana ba ta ba ni shawara. Akwai faset, ɓawon tangaran da ake mannawa a gaban haƙori, yana rufe komi amma galibi sai an ɗan fiƙe haƙorin kuma ba komawa baya, kuɗɗinsa ma ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Muka tsaya a kan na tsakiya. Ta fara da goge saman tabon kaɗan ƙwarai da wani magani bayan ta rufe dasashina da roba, na ce dokotoro ba kin ce asid ne ya ɓata ni ba, ta ce e, wannan ma akwai shi a ciki, bambancin ta san yawansa ta san daƙiƙa nawa zai yi ta san inda za ta tsaya. Sannan ta auni bakina aka yi mini gutiyer, wata ƴar roba mai haske daidai haƙorana, ta ba ni jel ɗin farantawa na karbamid kashi 10 cikin ɗari, in ɗiga kaɗan a ciki in sa in kwana da shi wajen sati biyu, in tsami ya dame ni in huta dare ɗaya, kuma lokacin ba shayi ba bisap. Daga ƙarshe wurin da ya fi duhu a haƙori ɗaya ta rufe shi da kompozit, abin cike haƙori mai launin haƙori, ta ce dole shi ne na ƙarshe don maganin farantawa ba ya canja launin abin da aka cike ko haƙorin roba, in aka fara da shi sai baki ya zama kala biyu.

Gaskiya zan faɗa, haƙorana ba su zama irin na ƴan fim ba. In kin matso kusa za ki ga ɗigon fari nan da can. Kuma ta gaya mini hasken ba na har abada ba ne, yana raguwa da shekaru musamman ga mai shan shayi. Amma jan nan da ya ratsa gaba ya tafi, ina magana da masu kawo ɗinki ido cikin ido.

Abin da ke tayar mini da hankali yanzu shi ne kayan da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok, garin gawayi a gwangwani mai kyau, man baki shuɗi ko ruwan malmo, wani alƙalami, wata fitila da ake cusawa a baki, a nuna hoton kafin da bayan. Mai launin malmon nan rufe ido ne kawai, launi ne ke kwanciya a sama ya ɓoye rawayar na ɗan lokaci. Garin gawayin kuwa gawayin gwaggo ne aka sa wa kwali. Likitar ta ce a ƙasashen Turai doka ce, duk maganin farantawar da ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari na ruwan oksijene, sinadarin da ke faranta haƙorin, ba a saida wa mutum kai tsaye sai ta hannun likitan haƙori, shi ma iyakar ruwan oksijenen kashi 6, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu nan yarinya ƴar shekara sha biyar za ta sayi kwalba ba ta san mi ke ciki ba ta shafa da dare. Duk amaryar da ta kawo mini ɗinki sai na yi mata wannan maganar ko ba ta tambaye ni ba, wasu su ji wasu su ga na cika shiga sharo ba shanu, ban damu ba.

Maigida bai bar shayi ba kuma ban ce ya bari ba, ɗan Adar da shayi sai Allah. Abin da ya canja, duk kofin da ya sha yana bin sa da kurkure baki da ruwa, ya rage sikari, goro kuma sai a hanya kuma ba ya barin tuƙar ta kwana a kunci kamar da. Asuwaki dama sunna ce, Annabi (SAW) ya ce ba don kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da shi a kowace salla, likitar ma ta ce a riƙe shi yana da kyau, a dai tauna bakin ya yi laushi a bi a hankali daga dasashi zuwa bakin haƙori, ba a yi ta zuga shi a kwance da ƙarfi ba. Buros safe da dare minti biyu, na daren ya fi muhimmanci, a canja shi duk wata ukku. In mutum ya sha lemu ko wani abu mai tsami kar ya ruga da buros, ya kurkure ya jira kamar rabin awa. Detartraj kuma yana zuwa sau ɗaya a shekara, kuma ba ya sa haƙora su yi giɓi kamar yadda ake faɗa a fada, dattin da ya cike wurin ne ya fita.

Da cikina na ukku an ba ni maganin ƙarin jini na ruwa haƙorana suka fara yin baƙi baƙi, na tsorata, ashe na sama ne yana fita, aka ce in ci gaba da sha in dinga kurkurewa. Haka ruwan kurkure bakin nan na farmasi mai kuloreksidin, in aka wuce kwanakin da likita ya rubuta yana rina haƙori da harshe.

Yarana kuwa da farko tsoron man goge baki na yi gaba ɗaya tunda na ji fuluwor ne ya yi mini haka, likitar ta ce a'a kar in hana su, ruɓewa ta fi kusa da su da alawa da biskit ɗin nan. Ƙasa da shekara ukku a shafa kamar ƙwayar shinkafa, daga ukku zuwa shida kamar ƙwayar wake ƙarama, in tsaya a kansu su tofar kar su haɗiye. Haka nake yi.

Inda hankalina yake yanzu ƙauyenmu ne. Ɗiyar yayana mai shekara sha ɗaya nata sun fito da tabon nan sak, ga ƙannenta na tasowa suna shan ruwan da muka sha. Na yi wa matarsa bayani a waya kar a gurza mata komi, a bar ta da buros mai laushi har ta kai shekarun da za a duba ta. Matar ta ce ai yanzu tafasa ruwan suke, na ce tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire fuluwor, in ruwan ya ƙone ma ƙaruwa yake a abin da ya rage. Abin da ake buƙata a ɗebi ruwan a kai ma'aikatar ruwa a auna, in ya wuce iyaka a san rijiyar da ƙananan yara za su dinga sha ko da ta fi nisa. Yaya ya kai maganar wurin maigari, maigari ya ce bayan girbi za su je meri, wato ofishin magajin gari, tare, ni kuma duk Juma'a sai na kira yaya na tambaye shi inda aka kwana.